Yoyon Firijin Acil Masniah

Da la'asar sakaliya Masniah ta kwance kwalekwalenta ta nufi shagon Tarmiji mai gyaran firij. Da gangan ta bari sai yamma. Ta san mai gyara da safe hancinsa a sama yake, amma in rana ta sunkuya bai ga aiki ba, laushi yake yi kamar ayabar da ta kwana. A duk unguwarsu ta bakin kogin Martapura babu wanda bai ɗanɗani cinikin matar nan ba. Acil ake ce mata, yaro da babba, kamar yadda ake ce wa gwaggo, kuma masu kifi da yawa sukan karkatar da jirgi in sun hango malafarta.

Firijinta ne yake yoyo. Tun da ta fita takabar mijinta Bahrani, yoyon ya fara, kuma kullum ƙaruwa yake. Da safe ta tarar da ruwa kwance a ƙarƙashin akwatin ganye, ta kwashe, ta goge, kafin azahar ya dawo har ya gangaro ta ƙasan ƙofa. Katakon daɓen kicin ya fara yin baƙi. Ta sa tsumma, ta sa kwano, ta zage shi tas kamar mai kunne, bai fasa ba. Da firijin nan take ci. A cikinsa take daskarar da madarar kwakwa da koren wake a 'yan ledoji, ta sayar wa masu jirgi in rana ta take. In ya mutu, tukunyarta ta mutu.

Ta sami Tarmiji yana ƙoƙarin jawo ƙofar shago. Amang take ce masa, wato kawu.

"Amang, ba dai tashi za ka yi ba? Ga aiki ya biyo ka har gida."

"La ilaha illallahu, Acil ce. Yau na san ba zan ci da kifi ba." Ya saki ƙofar yana dariya. "Ke da ko likita sai kin nemi ragi a kan allura."

"To ba ya ragewa? Ɗauko jakarka. Yoyo ne kawai, aikin da ko ni zan yi in da idona na gani."

Ya faɗi kuɗinsa, ta dafe ƙirji kamar an yi mata mutuwa ta biyu. Ta ce ai a jirginta zai je, sai ya cire na jirgi. Ta ce zai sha shayi, ya cire na shayi. Ta tuna masa shi da Bahrani tare suka yi makarantar allo, ya cire na zumunci. Tarmiji ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ya isa, kar ki kai ga in biya ki." Ya leƙa waje, murmushinsa ya ragu. "Amma dubi sama, Acil. Ba ma bari sai gobe ba?"

Sama ta fara yin rawaya, irin rawayar gwaiduwar ƙwai, wadda take sa fuskar mai lafiya ta yi kama da ta majinyaci. A garin nan in magariba ta zo da wannan launi, kowa yakan kira 'ya'yansa ciki ya rufe taga.

"Gobe ƙanƙarata ta zama kunu. Shigo mu tafi."

Suna tafe, mata na ƙona ɓawon kwakwa a bakin ƙofofi, hayaƙin ya kwanta a kan ruwa. Teku ta fara turo kogin, kainuwa na tafiya baya-baya. Ban da karar filafili babu abin da ake ji. Masniah tana tuƙi, tana kallon ruwan da gefen ido, kamar yadda mace take kallon ƙofar maƙwabciyar da ba sa magana.

Tana da dalilinta. Bahrani ba shi kaɗai aka haifa ba. Ranar da ya faɗo, bayansa wata 'yar aba ta biyo, mai wutsiya da ƙananan farata, ba ta fi tsawon cokali ba. Ungozoma ta sa ta a tasa, ta lulluɓe da rawayan ƙyalle, aka kai ta bakin kogi aka sake ta da addu'a. Galuh aka raɗa mata. Dangin ba sa ce mata kada, ba sa ce mata aljana. 'Yar'uwa suke cewa, kuma haƙƙinta a kan ɗan'uwanta yake. Duk yammacin Alhamis Bahrani zai buɗe firij, ya zaɓi ƙwan agwagwa mafi girma, ya haɗa da dunƙulen shinkafa mai kurkum da ayaba, ya ɗan jawo firijin gaba, ya durƙusa a bayansa inda ya yanke daɓe ya yi wata kafa mai murfi, ya zura hannunsa har kafaɗa. Sai kuma hira. Murya ƙasa-ƙasa, da 'yar dariya, wani lokacin har ya share ƙwalla.

Wannan mutumin ne fa wanda in ya shigo gida iyakar maganarsa da Masniah, "Akwai shayi?" Ta zauna da shi tun gashinta na taɓa ƙugu har ya koma furfura. Ita ta yi ta fama da masu agwagi a kasuwa a kan kowane ƙwai, shi kuma ya ɗauki mafi kyau ya miƙa wa ruwa. Da mace ce mai ƙafa biyu, da tuni ta je ta ci kwalarta an wuce wurin. To wa za ka kai ƙara a kan kogi?

Da ya rasu, tsofaffin danginsa suka ja ta gefe. Al'adar gidansu ce, kafin a ɗauki gawa, na kusa da mamaci ya durƙusa a bakin ruwa ya sanar da 'yar'uwar, don ta yi kukanta ta haƙura ta daina jira. Masniah ta shiga kicin ita kaɗai, ta rufe ƙofa, ta tsaya a kan kafar nan. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta fito ta ce musu ta faɗa.

Ba ta faɗa ba. A ranta ta ce, bari ita ma ta ɗanɗana jiran Bahrani.

Tarmiji ya cire takalmi ya shiga kicin, ya zare fulogin daga bango. Gurnanin firijin ya tsaya, gidan ya yi tsit, sai lasar ruwa a jikin dirkoki a ƙarƙashin ƙafarsu.

"Yoyon firij ba aljani ba ne, Acil, wuri huɗu ko biyar yake ɓuya. Bari mu bi su a hankali."

Ya yago takarda daga kwalin shayi, ya maƙala a bakin ƙofar firijin ya rufe, ya ja. Takardar ta ƙi fitowa. Ya gwada sama, ya gwada ƙasa.

"Robar ƙofa lafiya lau, iska ba ta shiga. Ba ni lemo guda."

"Na sha ko na aiki?"

"Na aiki. Zan mayar miki, kar ki sa a lissafi."

Ya ɗora lemon a kan firijin. Ya gangara baya a hankali ya tsaya a jikin bango.

"Tsayuwarsa ma daidai, ya ɗan jingina baya yadda ake so. Da gaba ya rinjaya, da ruwan ta ƙofa zai riƙa fita." Ya durƙusa, ya zaro akwatin ganye, ya haska tocila a bangon ciki. "Kin ga 'yar hudar nan? Duk raɓar da firij ya tara ta nan take sauka. Ga ta cike, har ƙanƙara ta kama bakinta. Ɗumama mini ruwa."

Ta kawo ruwan ɗumi a buta. Ya zuƙa da sirinji ya tura cikin hudar, ƙanƙarar ta narke, amma ruwan ya dawo masa. Ya zura siririyar waya, ta shige ba ta gamu da komai ba.

"Toshewar ba a nan take ba, a ƙasa take. Kama mini mu ja shi."

Masniah ba ta motsa ba.

"Bayan fa? Me za ka yi a baya?"

"Can ruwan yake fita mana. Sauran firij tire ne da su a kan inji, zafi ya busar da ruwan. Naku tiren ya tsage tun tuni, ni da kaina na sa wa marigayi tiyo, muka zura ta kafar nan tasa ya riƙa zuba a kogi. Kin manta?"

Ba ta manta ba. Ta kama gefe guda suka ja.

Tocilar ta sauka a kan aikinta. Tiyon yana naɗe a bayan injin kamar maciji, bakinsa cushe da tsumma, an ɗiga masa kyandir an liƙe. Kafar kuma an rufe ta da allo, an buga ƙusoshi a karkace, bugun wanda bai saba riƙe guduma ba.

Tarmiji ya dubi tiyon, ya dube ta.

"Ɓeraye ne suke shigowa ta nan," in ji ta.

"Ɓerayen gidanki har kyandir suke kunnawa?" Ya kankare kakin da wuƙa, ya zaro tsumman da filaya, ya sa bakin tiyon a bokiti. Ruwa ya ɓulɓulo da ƙarfi. "To ga ciwon nan. Kin toshe masa hanya, dole ya koma ciki ya fito miki ta ƙofa. Da kin tambaye ni, da ko shayin ba ki yi asara ba."

Ya sa bayan guduma ya fara zare ƙusoshin allon don ya mayar da tiyon wurinsa. Yana zarewa yana 'yar waƙa a hanci. Can sai waƙar ta tsaya. Ya shaƙi iska. Ya juya ya haska cikin bokitin.

"Acil, kin ajiye kifi a firijin nan?"

"Kifi da ƙanƙarar sayarwa? Ka taɓa ganin na yi?"

"Raɓar firij ba ta da wari. Fara ce tas, kamar ruwan sama." Ya tsoma hannu ya ɗago.

A tafinsa akwai baƙar laka, da saiwar kainuwa, da ɗan jatan lande guda. Yana motsi.

"Tiyon nan a naɗe yake a sama, bai taɓa kogi ba," ya ce a hankali. "To ta ina kogi ya shiga firijinki?"

Hasken da yake shigowa ta tsagin bango ya yi rawaya sosai, har hannun Tarmiji ya koma kamar na gawa. Ƙusa guda ta rage. Ba shi ya zare ta ba. Suna kallo ta taso da kanta, kaɗan-kaɗan, ta faɗi gefe, ta mirgina.

Allon ya ɗaga kamar faɗin yatsa. Iska ta fito ta ƙarƙashinsa, mai ɗumi, mai warin taɓo da tsohon ƙwai. Allon ya koma. Ya sake ɗagawa.

Numfashi ne.

Tarmiji ya ja da baya da gwiwa. Muryarsa ta koma raɗa.

"Acil, don girman Allah. Ranar da Bahrani ya rasu, kin faɗa mata kuwa?"

"Na ce na faɗa."

"Ba abin da kika ce nake tambaya ba."

Daga masallacin ƙetare ladan ya ɗaga murya. Tarmiji ya tattara kayansa, sirinjin ya faɗi bai ɗauka ba.

"Taso mu tafi. Ki kwana wurin matata, da safe a kira dangi a yi abin da ya kamata."

"In bar gidana saboda wa? Wadda ko tsintsiya ba ta taɓa ɗagawa a cikinsa ba?" Ta gyara ɗaurin zanenta. "Tsaya in ba ka kuɗinka."

"Riƙe."

Wannan kalma ta fi numfashin tsorata ta. Tun da take, ba ta taɓa ganin mai gyara ya bar kuɗi ba. Ta ji ƙafarsa a kan gadar katako, da sauri, da sauri, har ta daina ji.

Ita kaɗai ta rage, da firij a buɗe, da ledojinta suna zufa.

Ta ce a ranta, ƙusa ce ta fita, ƙusa za ta koma. Ta ɗauko gudumar Bahrani daga saman kabad, ta tsinci ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa. Katakon ya jiƙa mata gwiwa. Ruwa ya taso har yana leƙowa ta tsakanin alluna. Bai taɓa kaiwa nan ba, ko da damina.

Ta ɗora ƙusa. Ta ɗaga guduma.

"Bahrani?"

Gudumar ta tsaya a sama.

Muryarsa ce. Kaurinta, da 'yar shaƙewar nan ta mai shan taba, da yadda yake jan ƙarshen magana. Muryar mijinta ce a bakin mace.

Masniah ta yi a'uziyya da ƙarfi.

"Ni ma na iya," in ji muryar. "Shi ya koya mini. Ke ce Masniah."

Allon ya zame gefe. Ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, ruwa ya cika kafar har baki, yana hawa yana sauka.

"Na yi ta ƙwanƙwasawa, an rufe. Na yi ta aiko ruwa, ana gogewa. Ina ɗan'uwana?"

Wani abu a ƙirjinta ya fi tsoron zafi, kuma shi ya yi magana.

"Ya yi tafiya."

"Ina?"

"Sama da kogi. Sayen katako."

"Na je. Na bi har inda ruwa ya zama dutse. Babu ƙanshinsa."

"To ki ƙara jira. Ni ma na jira."

Wani abu mai nauyi ya goga jikin dirka, gidan ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Kwanuka suka kaɗa a kan kanta.

"Ya ce haka kike," muryar ta ce, har da alamar murmushi. "Ya ce ba a cin ribarki. Ya ce ranar da ya fara ganinki kina faɗa da mai barkono, ya kasa barci. Ya ce in kina barci yakan zauna ya yi ta kallon hannuwanki."

Masniah ta ji kamar an watsa mata tafasasshen mai.

Bai taɓa faɗa mata ba. Ko sau ɗaya. Tana nan a bayansa tana wanke tukunya, taku biyu tsakaninsu, shi kuwa ya kifa kai a rami yana zuba wa wata maganar da take tata. Ashe har zancen sonta ma ba ita aka ba ba.

"Nawa ne," ta ce. "Maganganun nan nawa ne. Ki ba ni su duka, kowace ɗaya, in faɗa miki inda yake."

"Ba a ciniki da ni."

"Da kowa ana ciniki."

Tiyon ya motsa. Ya fice daga bokitin, ya ja jiki a kan daɓe, bakinsa ya faɗa cikin kafar. Ya miƙe. Ya ɗaure tamau.

Firijin ya taho.

Ƙafafunsa suka kankari katako. Ya karkato baya, lemon ya faɗo, ledojin ƙanƙara suka zube a ciki. Masniah ba ta yi tunani ba. Ta yar da guduma ta cafke tiyon da hannu biyu, kamar yadda take cafke kifin da wata ta riga ta taɓawa a kasuwa.

"Saki! Shi ma za ki ɗauka?"

Aka fizga.

Ta faɗi rub da ciki. Hannunta na dama ya shige ramin har gwiwa.

Wani abu ya kama wuyan hannun.

Yatsu ne. Gajeru, masu kaushi, sanyi kamar cikin firij.

Aka ja. Har kafaɗa. Kuncinta ya manne da katako, daidai inda kuncin Bahrani yake kwanciya. Ruwa ya shiga kunnenta.

Ta tsagin allo ta ga ido.

Rawaya ne, da baƙin layi a tsaye. Amma girar da ke kansa, da 'yar tawadar da ke gefensa, ta san su. Ta kwana kusa da su shekara da shekaru.

"Ina ɗan'uwana?"

Firijin ya sunkuyo a kanta. Ta ji inuwarsa a bayanta.

Ruwa ya kai bakinta. Laka, gishiri, ƙwai.

"Ina?"

Kafaɗarta ta yi ƙas.

"Ya mutu!"

Ta tofar da ruwa, ta sake kurma ihu cikin ramin, da duk abin da ta tara.

"Ya mutu tun kafin azumi! A cinyata ya mutu! Ni na ba shi ruwa, ni na rufe masa ido, sunana ya kira, ba naki ba! Ba kya nan! Kin ji? Ba kya nan!"

Yatsun suka tsaya.

Suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Tiyon ya yi sako-sako. Firijin ya koma kan ƙafafunsa, dam.

Babu motsi. Ko kwaɗi sun yi shiru.

"Ina aka sa shi?" Muryar ta ƙanƙance, ta koma ta yarinya.

Masniah ta zaro hannunta. Ba ta jin sa. Ta ja jiki da baya, da gwiwa, da hannu guda, har ta taɓa dokin ƙofa.

"Wannan kam," ta ce tana haki, "ba na sayarwa ba ne."

Sai kukan ya tashi.

Ba daga ramin kaɗai ba. Daga ƙarƙashin gidan duka, daga kogin duka, wani gunji mai tsawo wanda ya shiga haƙora. Wutsiya ta daki dirka. Gidan ya tafi gefe ya dawo. Ta sake duka. Kabad ya kife, fitilar bango ta fashe, ruwa ya yi tsalle ta kowane tsagi.

Masniah ta faɗa waje. Gadar katako na rawa kamar igiya. Ta rarrafa, ta tashi, ta faɗi, ta tashi. A bayanta matakalar da ta taka yanzun nan ta karye, kwalekwalenta ya tashi sama ya kife. Ba ta waiwaya ba sai da ta ga hasken masallaci da mutane suna fitowa da gudu, Tarmiji a gaba, da liman a bayansa.

A bakin masallacin ta zube.

Gidan bai faɗi ba. Katakon ulin mai ƙarfin ƙarfe ne dirkokinsa, ya dai karkace kaɗan, har yau a karkace yake. Da gari ya waye Tarmiji ya zo da sabon tire ya ɗora a kan injin, ya yanke tiyon, ya sa 'yan katakai a ƙarƙashin ƙafafun gaba don firijin ya koma jinginarsa. Kafar kuma kafinta ya rufe ta. Masniah ta biya su abin da suka faɗa ba ta ce uffan ba, har matan unguwa suka riƙa zuwa dubiya, wai lallai jikin ya yi tsanani. Firijin bai ƙara ɗigar da ko ɗigo ba. Hannunta na dama ne bai sake yin ɗumi ba. Da shi take ɗebo ƙanƙara yanzu, ba ta jin komai.

Abu guda ya riƙe mata zuciya a kwanakin jinya. Ta faɗi mutuwar, amma ba ta faɗi kabarin ba. Wannan nata ne ita kaɗai.

Ranar Juma'ar da ta fara iya fita, ta cika buta da ruwa, ta sayi furanni, ta tafi maƙabartar da ke bayan gari, can kan tudu, nesa da kogi. Ta tarar an riga ta. Kabarin Bahrani a jiƙe yake sharkaf daga kai har ƙafa, ga saiwar kainuwa a kan dutsen. Daga lambatun da ke bayan katanga ciyawa ta kwanta, hanya guda mai faɗi, kamar an ja buhu.

A gefen kabarin akwai fili ɗan siriri. Hagun kabarin katanga ce, don haka wannan ne kaɗai wurin da ya rage kusa da shi, kuma tun ranar jana'iza Masniah ta sa mai gadi ya kafa masa sanda, ta ce nata ne in lokaci ya yi. Sandar tana ƙasa a karye. Filin ya lotsa, dogon lotsawa, daga kafaɗar Bahrani har ya wuce ƙafarsa, irin wanda jiki mai nauyi yake bari in ya kwana wuri guda bai juya ba.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye butar, ta je ta ari shebur wurin mai gadi, ta cike wurin da ƙasa, ta daddaɓe da ƙafa, ta kafa sabuwar sanda.

Haka take yi har yanzu. Duk Juma'a za ka gan ta da shebur a kafaɗa tun ana sallame asuba, tana sauri, ba ta gaida kowa. Kuma duk Juma'a sai ta tarar an kwana a wurinta.